Hanyar da Asu Ya Ci

Talata, 20 ga Yuli, da yamma. Kyoto.

Yau ban je gidan Malam ba. Ba a ce kada in je ba, ba a kuma ce in je ba. Na zauna na niƙa tawada a kan dutse har ta yi kauri, ban taɓa takarda ba, na je na zubar da ita a gindin gorar da ke bayan gida.

Matata Osumi ta tambaye ni me ya faru jiya. Na ce an yi shanyar zane-zane. Ta ce ta sani, duk unguwa ta sani. Abin da take tambaya shi ne me ya sa mijinta ya dawo gida da takalmin katako ƙafa ɗaya nasa, ƙafa ɗaya na wani.



Kafin in kama alƙalamin gashi na yi aikin jarida a Osaka. A can aka koya mini in fara rubuta abin da ido ya gani, in bar abin da zuciya ta ji sai daga baya. Gobe zan gwada. 

Laraba, 21 ga Yuli, da hantsi

Ga abin da ido ya gani.

Kowace shekara in ruwan sama ya ɗauke zafi ya kankama, ana fito da naɗaɗɗun zane-zane daga rumbu a rataye su su sha iska, saboda danshi da asu. Na ƙarshe da ake kwancewa shi ne Tsaunin Kaka, zanen da Kaka, wanda ya kafa gidanmu, ya yi da hannunsa. Malam kaɗai ke taɓa shi. Mu ɗalibai daga ƙarshen ɗaki muke sunkuyawa, mu hango shi daga nesa. Ba daga gare shi muke koyo ba. Daga kwafin Malam muke koyo, shi kuma daga kwafin malaminsa, haka har a kai ga Kaka.

A gidanmu ga yadda ake hawa. Ka fara da niƙa wa na gaba da kai tawada da wanke alƙaluma. In an ga ka yi laushi, a ba ka dutse guda ka yi ta kwafa. Daga dutse sai bishiya, sai ruwa, sai hazo, wanda ba a zanawa, barin wurinsa ake yi fari. Malam ya ɗora siririyar takarda a kan aikinka ya gyara da nasa alƙalamin, ka ga inda ka kauce. Abu na ƙarshe shi ne Hanya. Siririn layi ne da ya taso daga kafaɗar tsaunin, ya yi ta lanƙwasa yana saukowa, ya ɓace a hazo, ya sake ɓullowa, ya mutu kusa da bukka. Da ita ake gane zanen gidanmu na Mokurin ko a Tokyo. Ita Malam ba ya gyarawa. In ba ta yi ba, yaga takardar yake yi, ya miƙo wata. Abin da yake cewa ɗaya ne: “Kada ka ja ta. Bar alƙalami ya yi kiwo.”

Ya yaga mini takardu da za su rufe Kogin Kamo. Ranar da ya daina yagawa ya yanko rabin sunansa ya ba ni, na zama Mokuho, ya sa aka sassaƙa mini hatimi.

Shekaranjiya, a gaban ɗalibai, da shugaban haikalin da muke wa zanen ƙofofi, da Yagi mai fataucin siliki, Malam ya miƙo mini akwatin Tsaunin Kaka ya ce, “Mokuho, bana kai za ka rataye.” Na kwance shi. Ina wucewa da shi ta bakin baranda rana ta bugo ta bayansa.

Tawada tana tare haske. Duwatsun sun tare, bishiyoyin sun tare, bukkar ta tare. Hanya kuwa haske ne ke wucewa ta cikinta, daga sama har ƙasa. Na kai ido kusa. Gefenta a gaigaye yake. Babu ɗigon tawada a cikinta. Asu ne ya bi ta kan takardar yana ci yana tafiya, tun zamanin da ba wanda ya sani, takardar da aka manna a baya ta yi duhu don tsufa, ita muke hangowa daga ƙarshen ɗaki.

Na ce, “Malam, wannan cin asu ne.”

Da murya na faɗa. Yagi ya yi dariya, ya rufe baki da mafici, dariyar ta fito ta hanci.

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba.

Alhamis, 22 ga Yuli, da rana tsaka

Kusan shekara ashirin ina kwaikwayon cin ƙwaro.

Asabar, 24 ga Yuli, da yamma

Tatsuji ya zo. Shi ke bi na a gidan Malam, kuma tun da ya shigo bai taɓa ganin abin da ba na dariya ba. Ya tsaya a ƙofa da takalmina a hannu.

“Yaya, na kawo maka ƙafarka, ba ni tawa. Kwana da kwanaki ina ɗingishi, mata na cewa giya ce.”

Osumi ta kawo masa shayin sha’ir mai sanyi da awara. Ya cinye awarar kafin ya zauna sosai.

“Ka san me yaran gida ke kiran ka?” in ji shi. “Mai ido. Ka san me suke kiran Kaka a ɓoye? Malam Asu. Jiya na kama ɗaya yana sunkuya wa ƙwaro a rumbu. Na make shi, amma sai da na fita waje na yi dariya.”

Na ce ba na jin dariya.

“Na gani. Fuskarka kamar an jiƙa takarda.” Ya ajiye kofi. “Likita ya zo. Ya ɗaure wuyan hannun Malam da itace. Ya ce ƙashin tsoho ba ya saurin kamawa.”

Na ce ban tambaye shi ba.

“Ba ka tambaya ba, na faɗa. Yaya, mafici ne fa. Mafici na takarda. Ni sau nawa ya kwaɗa mini a ka? Ka ga na mutu? Ana sunkuyawa ne a bari ya sauka. Wa ya taɓa jin ɗalibi ya cafke hannun malaminsa har ya…”

Na ce ya isa.

 Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Manyan ɗalibai sun zauna. Maganar kora ake yi. Wanda aka kora yakan mayar da suna, ya mayar da hatimi, ya kawo duk kwafin da ya yi a gidan a ƙone a tsakar gida. Daga ranar ba shi da malami, kuma mai zanen da ba shi da malami a Kyoto ba a ba shi ko fitilar takarda ya yi wa ado.

Osumi tana bayan ƙofa. Na ji lokacin da allurarta ta tsaya.

Da zai tafi ya ce, “Kai ma Yaya, da ka gani, ba sai ka yi tari ba? Ka ce rana ta shige maka ido. Mutum ya ga abu sai ya faɗa, kamar ɗan jarida?”

Litinin, 26 ga Yuli, da safe

Ni za a kora. Ba asu ba, ba waɗanda suka yi ta kwafarsa suna koya wa na baya ba. Ni da na ce ga shi.

Ban matse hannunsa ba. Riƙewa na yi. Akwai bambanci.

Alhamis, 29 ga Yuli, da yamma

Na fito da kwafe-kwafena duka na baje a ɗaki, har ba wurin taka ƙafa. Ga dutsen farko, kamar dunƙulen shinkafar da aka zauna a kai. Ga takardun gyaran Malam a manne a kansu, layinsa a kan nawa, ko’ina nasa ya fi. Wannan ba na musu. Ya koya mini yadda ake ɗaukar tawada kala uku a alƙalami ɗaya, duhu a baki, tsaka-tsaki a ciki, ruwa-ruwa a gindi, a shafa sau ɗaya dutse ya fito da inuwarsa. Ya koya mini cewa tsaunin nesa ba a yi masa bishiya, ruwan nesa ba a yi masa igiya. Duk wannan gaskiya ne, na je na duba da idona.

Sannan ga Hanya, dami guda. Na tuna hunturun da na yi ta yin ta yatsuna suna tsagewa. Na tuna an ce mini lanƙwasa ta uku ita ce zuciyar Kaka, wai a nan ya tuna mahaifiyarsa. Na karanta abin da masana suka rubuta a kan lanƙwasar nan. Wani ya cika shafi huɗu. Ƙwaro ne ya ci karo da wurin da manne ya yi tauri, ya kewaye.

Osumi ta shigo da abinci ta rasa inda za ta ajiye. Ta tsaya tana kallon ɗaya.

“Ita ce wannan?”

Na ce ita ce.

“To ai tana da kyau.”

Na ce ba maganar kyau ake yi ba.

“Maganar me ake yi? Ni na ɗauka sana’arku ta kyau ce. Maigida, in asu ya fi ku iyawa, ba sai ku gode masa ba?”

Na ce ta fita. Ta ajiye tiren a kan tsaunin da na yi shekarar da muka yi aure, ta fita. Da gangan ta yi.

Lahadi, 1 ga Agusta, da almuru

An aiko in je. Na je.

Ba a shigar da ni ɗakin aiki ba, ƙaramin ɗakin baya aka kai ni, inda ake ganin masu kawo gawayi. Na durƙusa a bakin ƙofa. Malam yana zaune, hannun dama a cikin riga. Ban kalli wurin ba. Ya rame. Da hagu yake shan shayi, yana zuba a gwiwarsa, ya yi kamar bai gani ba, ni ma haka.

Na sa goshi a tabarma na ce na zo.

“Na ga ka zo. Ɗago. Ba na magana da ƙeya.”

Na ɗago.

“Kana tsammani kai ne farkon mai ido a gidan nan?”

Ban gane ba. Na ce, “Malam?”

“Ina da shekarunka malamina ya miƙo mini akwatin nan. Ta barandar nan na wuce, ranar nan ce ta buga. Na gani. Ya ga na gani. Na rataye zanen, na koma wurina na sunkuya. Da aka watse ya zuba mini giya da hannunsa, bai ce komai ba, ban ce komai ba, har ya mutu. Shi ma haka aka yi da shi. Kana tsammani don me ba a ba kowa akwatin sai mutum ɗaya a zamani?”

Sai a lokacin na gane abin da aka miƙo mini ranar nan. Gidan ne gaba ɗaya.

“Na ba ka ka gani,” in ji shi. “Ban ba ka ka faɗa ba.”

Na ce, “Malam ya sani, ya yi ta yaga mini takarda?”

“Da ta yi kyau da ban yaga ba.”

“A kan cin ƙwaro.”

“Ƙwaro ya yi ta sau ɗaya, bai san ya yi ba. Malamai huɗu sun ba ta ransu. Yanzu ta wa ce? Kai wawa ne mai karatu, Mokuho, irinku kun fi wahalar koyarwa. Ɗan adam in zai ja layi, ya san inda za shi, layin ya fito da girman kai. Wancan bai san inda za shi ba. Abin da nake ta ƙoƙarin cire maka ke nan tun kana niƙa tawada, sanin inda za ka.”

Na ce da an gaya mini.

“Da an gaya maka da ka yi dariya irin ta Yagi, ka tafi Tokyo ka koyi zanen fenti irin na Turawa.”

Na ce ƙarya dai ƙarya ce, ko ta tsufa.

Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka zai kira a fitar da ni. Sai ya faɗi hukunci. Ranar sha biyar ga wata, lokacin bikin dawowar magabata, ana zana Tsaunin Kaka a gaban allon sunansa, kowa yana kallo. Malam ne ke yi duk shekara. Bana ba zai iya ba. Bai faɗi dalili ba. Ni zan zana.

“In Hanya tana ciki, sunanka yana nan, ba za a ƙara tayar da maganar ba. Gidan kuwa ka manta da shi, ya wuce ka. In babu ita, ka zo da hatiminka a hannun riga, kada ka sa mu aika.”

Na sunkuya. Ina ja da baya ya ce, “Kana da ƙarfin hannu. Ban sani ba.”

Litinin, 2 ga Agusta, da safe

Ya sani. Duk shekarun nan ya sani, yana kallona ina kuka a kan takarda.

Alhamis, 5 ga Agusta, da yamma

Kwanakin nan ina zana tsaunin ba Hanya. In Kaka bai sa ta ba, to abin da Kaka ya zana ke nan, kuma ni ne farkon wanda zai kwafi Kaka da gaske tun da aka kafa gidan.

Zan rubuta gaskiya ko ba ta yi mini daɗi ba. Tsaunin yana rinjaya hagu. Bukkar tana zaune ita kaɗai kamar an manta da ita, ido ya sauko daga ƙololuwa ya rasa abin bi. Na sa rafi a wurin, ya zama zanen kowa. Na sa jerin bishiyoyi, ya cushe. Na ƙara hazo, ya zama kamar an ɓoye wani abu.

Watau Kaka ya yi zane mai rauni, ƙwaro ya gyara masa. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Na jefa alƙalami ya bugi ƙofar takarda ya huda. Osumi ta liƙe hudar.

Asabar, 7 ga Agusta, da rana tsaka

Zafi. Gyare sun hana kunne sakat. Yagi ya aiko a karɓi allon da ya ba ni in yi masa zane, wai matarsa ta sauya ra’ayi. Shi da ya yi dariyar.

Lahadi, 8 ga Agusta, da almuru

Na taka har gindin tsaunin Hiei na zauna ina kallon hanyoyin masu itace. Hanyar mutane tana da dalili, tana gudun gangare, tana neman ruwa. Ba wadda ta yi kama da tamu. Yadda ban lura ba tun tuni, ban sani ba. Ba a taɓa cewa mu je mu kalli tsauni ba. Kwafi aka ce mu kalla.

Da na dawo Osumi tana tsefe tsohuwar rigata za ta juya ta.

“Ka yanke?” in ji ta.

Na ce ba zan sa Hanya ba.

“To.” Ta ci gaba da tsefewa. “In sun karɓe sunan, da wanne zan kira ka? Shinzo? Na manta fuskarsa. Yaro ne mai tawadar jarida a farce, bai iya riƙe alƙalami ba.”

Na ce zan koma Osaka in nemo shi.

“Da furfura? Maigida, layi ne fa. Ka yi shi sau dubu kana murna. Ka ƙara ɗaya kana fushi, wa zai gane?”

Na ce ni zan gane.

“Kai dai. Kullum kai.” Ta cije zare. “Tsohon nan ba zai ƙara zane ba, ka sani ko? Matar likita ta gaya wa mai awara. Ba ka ce komai a kan wannan ba. Asu, asu, asu, tun safe har dare. Hannun fa?”

Na tashi na fita baranda.

Talata, 10 ga Agusta, da safe

Ba zan rubuta komai a kan hannun ba.

Alhamis, 12 ga Agusta, da yamma

Na ɗaure kwafe-kwafen dami-dami, don kada su sha wahalar kwasa. Na wanke hatimin, na naɗe shi a ƙyalle.

Tatsuji ya biyo da kankana. Ya ga damman ya daina murmushi.

“Yaya, kada ka yi mini haka. In ka tafi ni za a ɗora wa gidan, ni kuwa har yau bishiyata kamar tsintsiya take. Ka tausaya wa Kaka, ka tausaya wa asu.”

Na ce ya ci kankanarsa.

“Ka san abin da ke damuna da kai? Kana da gaskiya, kuma ba ta da amfani ga kowa. Mu duka mun ji abin da ka faɗa. Jiya da safe yara sun zauna suna koyon Hanya kamar kullum. Ba wanda ya ce su yi.”

Na ce shi ya sa.

Lahadi, 15 ga Agusta, da sassafe

Na yi wanka, na sa riga mai tambarin gida. Hatimi yana hannun riga. Zan zana dutse, bishiya, bukka, hazo, in ajiye alƙalami. Zuciyata a kwance take, karo na farko tun ranar shanya.

Lahadi, da almuru

Abin da ido ya gani.

An buɗe ƙofofin babban ɗaki. Allon sunan Kaka yana gaba, da turare da shinkafa da ’ya’yan itace. Shugaban haikali ya yi karatunsa. Ɗalibai sun jeru a bango, tsofaffin da suka bar gidan tuntuni ma sun zo, har da Yagi, wanda ba a rasa shi inda za a ga abin faɗa. Malam yana gefen dama na takardar, kusa da ni har ina jin numfashinsa.

Tatsuji ne ya niƙa mini tawada. Da ya turo dutsen ya ce a hankali, “Na sa mata albarka, Yaya.” Ban kula shi ba.

Na fara daga duwatsun ƙasa kamar yadda aka saba. Alƙalamin ya ɗauki tawada daidai. Tun da nake ban taɓa jin hannuna haka ba, ba nauyi, ba tsoro, don na riga na bar gidan a raina, ba wanda zai yaga mini komai. Bishiyoyi suka tsaya. Bukka ta zauna. Na wanke alƙalami na ɗauki ruwa-ruwa, na tayar da tsaunin daga cikin hazo, na kai ƙololuwa, na sauko kafaɗa. Ɗakin ya yi tsit, sai gyare a waje. Ina tunanin yadda zan ajiye alƙalamin, a kwance, a hankali, da yadda zan fito da hatimin in tura gabansa da hannu biyu, da abin da zan ce. Na tsara kalmomin tun jiya. Ina maimaita su a raina.

Sai na ji wani tsoho a bango ya ja numfashi.

Na duba takarda. Alƙalamin yana kusa da bukka. Hanya tana bayansa, a jiƙe, tun daga kafaɗar tsauni, da ɓacewarta a hazo, da ɓullowarta, da lanƙwasa ta uku.

Ban ja ta ba. Ina rubutawa a nan inda ba mai karantawa, ba ni da wanda zan yi wa ƙarya. Daga kafaɗar tsauni hannun ya wuce inda ya saba wucewa, ni ina can ina shirya jawabi.

Tawada ba ta gogewa. Na zauna da alƙalami a sama, ban san tsawon lokacin ba. Ina iya jan baƙin layi a kanta in ɓata. Ina iya yaga takardar, na ga yadda ake yi. Na kalle ta. Ban taɓa yin irinta ba. Malam ma bai taɓa ba. Ba ta san inda za ta ba.

Ban yaga ba.

Malam ya sunkuyo ya daɗe yana dubawa. Ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, “Sa hatiminka.”

Na zaro shi daga hannun riga, a naɗe a ƙyalle. Duk ɗakin ya ga daga inda ya fito, kowa ya san abin da ya sa yake can. Na kwance, na shafa ja, na danna.

Yagi ya ce wannan zanen nasa ne, ko nawa ne kuɗinsa. Tatsuji yana kuka yana dariya, yana cewa hayaƙin turare ne. Shugaban haikali ya ce Kaka ya dawo da gaske bana. Aka kawo giya. Na sha abin da aka zuba mini.

Osumi ta dafa shinkafa da jan wake. Ta ce ta san zan yi hankali. Na buɗe baki in gaya mata, na rufe.

Litinin, 16 ga Agusta, da yamma

Ana kunna wutar rakiyar magabata a kan tsaunuka, unguwa duk ta fita kallo. Ban fita ba.

Sun bar mini sunan. Ban san wa suka bar wa ba. Wanda ya yanke shawara bai zana komai ba, wanda ya zana kuwa ba a tambaye ni kafin a gina shi a cikin hannuna ba. Na fi jin haushi yau fiye da ranar shanya, kuma yau ba ni da wanda zan riƙe.

Da safe na je gaisuwa. An shigar da ni ɗakin aiki. Malam bai ɗago ba. Ya ce akwai uku a cikin na ƙasa da suka gama hazo, lokacinsu ya yi.

“Kai za ka koya musu Hanya. In ba ta yi ba, ka yaga. Kada ka yi musu bayani.”

Na ce, “To, Malam.”